Idan Fambel Ya Fara Kuka

Masu sauraro, wannan filinmu ne na direbobi da masu gyaran mota.   Yau a kan fambel za mu tattauna, irin na zamani guda ɗaya tilo, mai faɗi da layi-layi a cikinsa, wanda ke zagaye gaban injin a-kori-kura irin su Hilux. Za mu ji yadda ake gane ya gaji da yadda ake canza shi. Amma abin da ya fi damuna, wanda kuma zan fi daɗewa a kansa, shi ne yadda ake sa sabon bel a bar abin da ya kashe tsohon yana nan daram.

In ka ɗaga bonet ka leƙa gaban inji, can ƙasa za ka ga babban fuli wanda ke maƙale da karanshaf. Shi inji ke juyawa kai tsaye. Duk sauran na'urorin da ke gaban inji ba su da ƙarfin kansu, daga wannan fuli suke samu, bel kuwa shi ke kai musu. Yana juya altaneta mai cajin batir. Yana juya famfon ruwa mai zagaya ruwa tsakanin inji da lagireto, a motoci da yawa har da fankar da ke kansa. Yana juya kwamfuresar esi. A injin fetur na Hilux, wato 2TR, har famfon fawa sitiyari yana kansa. A injinan dizal 1KD da 2KD kuwa giya ce ke juya famfon sitiyari daga ciki, saboda haka ko bel ya tsinke sitiyari ba zai yi tauri ba. Kada wannan ya ruɗi direba, domin famfon ruwa ya riga ya tsaya.

Tsofaffin direbobi sun san zamanin da inji ke da bel biyu ko uku, sirara masu kauri, kowanne da aikinsa. Irin wannan bel John Gates ne ya ƙirƙiro shi a birnin Denver na Amurka a 1917, kuma har yau shi ne a kan injin 5L da ire-irensa. Mai faɗin nan guda ɗaya daga baya ya zo. Wani injiniyan kamfanin Gates ɗin, Jim Vance, shi ya tsara shi, kamfanin Ford kuma ya fara sa shi a motarsa Mustang ta 1979. Ya rage cunkoso a gaban inji, ya fi daɗewa, kuma ba ya buƙatar a riƙa ɗaure shi lokaci-lokaci, domin akwai ajasta mai sifirin da ke tura shi kullum. Sai dai an ɗora wa abu ɗaya nauyin komai. A da in ɗaya ya tsinke, wataƙila ka lallaɓa da sauran. Yanzu in ya tsinke, duk abin da ke kansa ya tsaya a lokaci guda.

Ga yadda abin ke faruwa a kan hanya. Kana tafe sai jar fitilar batir ta kama a dashbod. Esi ya daina sanyi. In motar fetur ce sitiyari ya yi nauyi. Direba da yawa sai ya ce ai batir ne kawai, bari in ƙarasa gari in ga mai waya. Nan ne asarar take. Batir zai iya riƙe mota na ɗan lokaci, amma inji ba zai jure rashin zagayawar ruwa ba. Cikin 'yan mintoci allurar zafi za ta hau, balle a watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, inda zafin rana kan wuce digiri 40, mota kuma ɗauke da kaya. Kan silinda na waɗannan injina da alminiyam aka yi shi, zafi na lanƙwasa shi ko ya tsaga shi, gasket ya ƙone, ruwa ya haɗu da baƙin mai. Gyaran da za a yi da kuɗin bel ɗaya sai ya koma na sauke inji. Don haka ina roƙonku, fitilar batir ta kama kana cikin tafiya, ka sauka gefen titi, ka kashe mota, ka duba bel kafin komai. Masu tsohon injin dizal irin 3L da 5L ku ƙara da wannan: famfon da ke taimaka wa burki a bayan altaneta yake, in bel ya tafi, bayan ka taka sau kaɗan burki zai yi tauri.

To amma bel ba ya cika tsinkewa ba tare da ya yi gargaɗi ba. Yakan yi kuka. Kowa ya san wannan ƙara da safe, in an tayar da mota da sanyin hunturu, ko in an kunna esi, ko in an murɗa sitiyari har ƙarshe, ko bayan an tsallaka ruwa da damina. Abin da mutanenmu ke yi wa wannan kuka shi ke ba ni takaici. Wani ya goga sabulu, wani kyandir, wani ya ɗiga man burki, wani ma baƙin mai. Kukan zai lafa na yini ɗaya ko biyu, direba ya ce an gyara. Alhali mai yana kumbura roba ne yana ruɓar da ita, ƙurar hanya kuma ta manne a kansa ta zama abin gurza. Har feshin gwangwani da ake sayarwa da sunan maganin kukan bel, kamfanonin da ke yin bel na zamani ba su yarda a sa shi ba. Kukan nan labari bel ke ba ka cewa wani abu ya sami matsala. Ka toshe masa baki, matsalar tana nan tana girma.

Akwai gwaji mai sauƙi da makanikai ke yi don su fahimci kukan. Inji yana aiki a hankali, ka tsaya nesa kaɗan, ka fesa ruwa zalla a gefen bel mai layi-layi. In ƙarar ta ƙaru, bel yana sulɓewa ne, wato bai ɗauru ba, kuma yawanci ajasta ce ta gaji. In ƙarar ta ɗauke na ɗan lokaci sannan ta dawo, musamman mai kama da kukan tsuntsu a kai a kai, wani fuli ne ya kauce daga layin 'yan'uwansa. In kuwa ruwan bai canza komai ba, kana jin gurnani ko ƙarar ƙarfe, ka nemi boris da ya mutu a rola, ko altaneta, ko famfon ruwa. Kun ga ke nan, a duka ukun nan, yawanci sabon bel shi kaɗai ba zai magance abin ba.

Sai maganar duba bel da ido, kuma a nan ne ilimin da muka gada ya ɗan tsufa. A da ana cewa ka lanƙwasa bel, in ka ga tsaga-tsaga ya mutu, in ba ka gani ba yana da rai. Wannan gaskiya ne a kan tsohuwar roba. Daga wajen shekarar 2000 kamfanoni suka koma wata roba da ake kira EPDM, wadda ke jure zafi kuma ba ta cika tsagewa ba. Cinyewa take yi kamar tayar mota. Layukan su sirance, ramukan da ke tsakaninsu su yi faɗi da zurfi, har bel ya nutse cikin fuli ya zauna a kan haƙoransa ba tare da ya kama gefensu ba. Ido zai ga bel sumul, alhali sulɓewa yake. Irin wannan bel a hanya mai kyau yana iya kai kilomita 150,000, amma motar da ke shan ƙura da yashi da ruwan kwazazzabo kada mai ita ya jira wannan lissafi. Ka riƙa dubawa duk lokacin da aka juye baƙin mai. Abin da za ka nema: bayan bel yana ƙyalli, gefensa ya fara zare, wani yanki na layi ya ɓantare, tsakuwa ta maƙale a ramuka, ko jiƙewar mai. Ka kwatanta zurfin ramukansa da na sabo, za ka ga bambanci.

Kafin mu shiga kasuwa, in raba wasu abubuwa biyu da ake yawan haɗawa. Fambel yana waje, kana ganinsa. Taimin bel yana ɓoye cikin murfi, yana da haƙora a kwance, shi ke daidaita buɗewar bawul da motsin fistin. A injin 1KD da 2KD ana canza shi a kilomita 150,000, akwai ma fitilarsa a dashbod. Injin 2TR da sababbin 1GD da 2GD kuwa sarƙa gare su. Aikin taimin na ƙwararren makaniki ne, ba shi muke koyarwa yau ba. Na ambace shi ne don wanda aka ce masa an canza bel ya tambaya wanne.

(Kiɗa)

Masu sauraro barkanmu da dawowa. Yanzu mu je sayen bel. A bayan kowane bel na kirki akwai lamba, misali 7PK1516, wadda za ka gani a Hilux da yawa masu injin 2KD. Bakwai ɗin farko yawan layukan ne. PK nau'in layin ne, irin na motoci, wanda tazarar da ke tsakanin layi da layi milimita 3.56 ce. Sauran lambar kuma tsawon bel ne da milimita, wato 1516. Ko ka je Ƙofar Ruwa a Kano, ko Fanteka a Kaduna, ko Katako a Yamai, da lamba za ka je, ba da sunan mota kaɗai ba. Hilux suna ne da ake amfani da shi tun 1968, injinansa iri-iri ne, kuma ko inji ɗaya ne, mai esi da marar esi tsawon bel ɗinsu ya bambanta. In lambar ta goge, ka ɗauki tsohon ka tafi da shi, ko ka ba da lambar shasi a duba maka.

Za a ce maka babu daidai lambar, amma ga mai layi shida, zai yi. Zai hau, zai juya, amma ƙarfin riƙonsa ya ragu, kuma ba zai yi kwana irin na asali ba. Za a ce ga wanda ya ɗan fi tsawo. Bambancin milimita kaɗan ajasta na iya shanyewa, amma in ya yi yawa, ajasta za ta miƙe har ƙarshenta ba ta ɗaure komai ba. Gajere kuma ya danne boris ɗin altaneta da na famfon ruwa. Ga kuma jabu, wanda ya cika kasuwa cikin kwali mai kyau da sunan Toyota ko Gates ko Bando ko Mitsuboshi. Ka duba rubutun bayansa ko ya fita tsaf, ka duba gefensa ko an yanka shi daidai ba zare a waje, ka sayi kaya wurin mai shagon da za ka iya komawa ka same shi. Araha ba ta ado. Bel na gwanjo kuwa ban ba kowa shawarar saye ba. Ƙarfe na iya zuwa daga Beljiyam da sauran ƙarfinsa, amma roba tana tsufa ko tana ajiye.

Mun zo bakin aiki. Ka ajiye mota a wuri mai daidai, ka ja burkin hannu, ka kashe inji ka bar shi ya huce sosai. Ka zare makulli ka sa a aljihunka, kada ka bar shi a jiki, domin yaron mota ko wani mai son taimako na iya murɗawa hannunka na ciki. Ka cire kan batir na baƙar waya, mai alamar ragi. A motocin da ke da fankar lantarki, tana iya tashi da kanta ko inji a kashe. Sannan ga wani abu da ya shafe mu musamman: babbar riga, hannun kaftani mai faɗi, jelar rawani, hirami, carbi a wuya ko a hannu. Duk ka cire kafin ka sunkuya kan inji. Bel da ke juyawa in ya kama tufa ba ya saki, kuma hannu ne ke bin tufar.

Kafin ka taɓa komai, ka san hanyar da bel ya bi. Wasu motoci suna da zanen a manne a cikin bonet ko a kan murfin lagireto, amma a yawancin namu zafi da wanki sun cinye shi. Ka ɗauki hoto da waya, biyu ko uku, daga sama da gefe. In babu waya ka zana a takarda, da'ira ga kowane fuli, layi ga bel. Kada ka dogara da ƙwaƙwalwa. Makanikai masu shekaru a sana'a ma suna ɗaukar hoto. Ƙa'idar da za ta taimake ka ita ce, gefen bel mai layi-layi yana hawa fuli mai ramuka, bayansa mai sulɓi yana hawa rola mai sulɓi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin a wasu injina ana iya ɗaura bel ta hanyar da ba daidai ba ya zauna kamar lafiya, famfon ruwa kuma yana juyawa baya.

Ka nemo ajasta. Hannu ne na ƙarfe da rola a bakinsa, sifirin a gindinsa. A jikinsa akwai inda aka tanada don sifana: ko kan noti, ko rami mai kusurwa huɗu da bakin hannun soket ke shiga. Ka sa soket ko rin sifana daidai girmansa, mai dogon hannu, domin sifirin ɗin yana da ƙarfi. Ka tura a hankali ta ɓangaren da zai janye rola daga jikin bel. In ka ji abin ya ƙi motsi, ko ka ji notin yana kwancewa, ka tsaya, ba nan ba ne. Hannun ajasta kake son juyawa gaba ɗayansa, ba kwance noti ba. Da bel ya saki, ka zame shi daga fulin da ya fi kusa da hannunka, sannan ka mayar da ajasta a hankali har ta zauna. Kada ka sake ta ta buga da kanta, tana iya fashewa. Kada kuma yatsanka ya shiga tsakanin bel da fuli ko na daƙiƙa ɗaya, domin sifana na iya kuɓucewa. Wasu ajastoci suna da ƙaramin rami da ake cusa ƙusa a kulle su a buɗe, in taka tana da shi ka yi amfani da shi. A motar da fanka ke gaban famfon ruwa, sai ka zagayo da bel ta kan fukafukanta ɗaya bayan ɗaya ka fitar.

Yanzu bel yana hannunka, kuma a nan ne nake son kowa ya tsaya, ko kai ke aikin ko makaniki ke yi kana kallo. Mafi yawan masu gyara daga nan sai su ɗauko sabo su ɗora, minti goma an gama. Alhali wannan ne kaɗai lokacin da kowane fuli yake sake, kana iya juya shi da hannu ka ji lafiyarsa. Ka fara da tsohon bel ɗin kansa, ka karanta shi. In gefe ɗaya ne ya cinye, akwai fulin da ya karkace. In ya jiƙe da mai, akwai yoyo. In bayansa ya yi ƙyalli kamar an goge, ya daɗe yana sulɓewa ko wata rola ta cije. In layuka sun tara dunƙulen baƙar roba, ɗauri ne bai yi ba.

Ka juya rolar ajasta da sauran rola da yatsa. Mai lafiya tana juyawa sumul, shiru, da ɗan nauyin girisi, ta tsaya da wuri. Wadda ke ta gudu ba tsayawa tana shuu, girisinta ya ƙare. Wadda kake jin gargada a cikinta kamar yashi, ko take girgiza in ka kama ta ka jijjiga, ta mutu. Ka sa sifana ka motsa hannun ajasta daga farko zuwa ƙarshe, ka ji ko yana tafiya lami lafiya da ƙarfi iri ɗaya, ko yana cijewa, ko ya yi laushi. Ka duba ko ya karkata gefe, ko akwai jar tsatsa na fita daga gindinsa. Ajasta da bel kusan tare suke tsufa. A ganina, motar da ta yi tafiya mai nisa har bel ɗinta na asali ya ƙare, a canza su tare, har da rola. Na san kuɗi ne, kuma na san halin da ake ciki. Amma gajiyayyiyar ajasta tana cinye sabon bel cikin 'yan watanni, ka sake biya, wataƙila a dajin da babu shago.

Ka kama fulin famfon ruwa ka jijjiga. Bai kamata ya yi wasa ba. Ka haska tocila ƙarƙashinsa, akwai ɗan rami a jikin famfon, in ka ga busasshen ruwa fari ko ja ko kore ya bi ta nan, famfon ya fara sallama. Ka juya altaneta ka saurara. A injinan dizal da yawa fulin altaneta na musamman ne, yana kamawa ta gefe ɗaya yana sakewa ta ɗaya, don ya shanye fizgar da dizal ke yi. In ya cije ta ko'ina, bel zai riƙa karkarwa, ajasta ta riƙa tsalle. Kuskuren da ake yi shi ne a walde shi, ko a sa masa fuli na gama-gari. Mota za ta tashi, caji zai zo, amma fizgar da aka hana shi shanyewa sai ta koma kan ajasta da bel. Ka juya fulin kwamfuresar esi shi ma, domin boris ɗinsa yana aiki ko ba a kunna esi ba.

Sai babban fulin ƙasa. Ƙarfe biyu ne da roba a tsakani. In robar ta tsattsage ko ta fara fitowa, zoben waje yana iya zamewa, ya kauce daga layi, ya riƙa cin bel. A bayansa akwai sil na karanshaf. In nan ne mai ke fita, ko daga murfin saman inji yake gangarowa, ko daga tiyon sitiyari, a gyara yoyon tukuna. Sabon bel a kan fuli mai mai, kwanansa kaɗan ne. A ƙarshe ka sa buroshi ka share ramukan kowane fuli, ka ciro tsakuwa da busasshen laka da guntun roba, ka goge da tsumma, su bushe ƙarau.

Ɗora sabo ba shi da wuya in ka yi abin da ya gabata. Ka jera shi da tsohon ka tabbatar yawan layi ɗaya ne, tsawo kuma kusan ɗaya, tsohon kan ɗan fi saki kaɗan. Ka fara daga fulin ƙasa, ka bi hotonka, ka bar fuli ɗaya na ƙarshe, wanda ke sama kusa da hannu, in da hali mai sulɓi marar baki, domin bel ya fi saurin zamewa kansa. Ka janye ajasta, ka tura bel ya hau, ka sake ta a hankali. In ya ƙi hawa, kada ka sa sukundireba ka ɓanɓare shi. Akwai zaruruwa a cikin bel masu riƙe ƙarfinsa, in ka karya su ba za ka gani ba sai ranar da ya tsinke. Ƙin hawa yana nufin ko ka bi hanyar da ba ita ba, ko bel ya hau bakin wani fuli a ƙasa, ko lambar ba daidai ba ce.

Kada ka tayar da inji tukuna. Ka ɗauki tocila ka bi kowane fuli, ka shafa da yatsa gaba da baya, ka tabbatar kowane layi ya faɗa raminsa. Kuskuren layi ɗaya a fulin ƙasa ko na kwamfuresa, inda ido ba ya kai wa, ya isa ya yayyaga sabon bel cikin minti ɗaya. Zaren da ya yage kuma yana iya naɗewa a bayan fulin ƙasa ya lalata sil, a wasu injina har ya kai ga taimin bel. Wasu ajastoci suna da alama a jiki mai nuna iyakar da hannun ya kamata ya tsaya, ka duba yana ciki. Ka kwashe sifanu, ka ƙirga su, ka mayar da kan batir.

Ka tayar, ka tsaya gefe, ba saitin bel ba. Ka kalle shi yana gudu. Ya kamata ya tafi a miƙe ba ya yawo, hannun ajasta yana ɗan motsi kaɗan, ba tsalle ba. Ka kunna esi da manyan fitilu, ka murɗa sitiyari dama da hagu, ka saurara. Fitilar batir ta mutu. In akwai mita, a auna batir inji na aiki, ya nuna tsakanin bolt 13.5 da 14.5. Ka bar inji ya yi zafinsa na ƙa'ida kana kallon allura. Sannan ka kashe, ka sake haska fuli ɗaya bayan ɗaya. Bayan kwana biyu ko uku na aiki ka sake leƙawa.

Masu tsofaffin motoci marasa ajasta mai sifirin, naku da hannu ake ɗaurewa, ta sassauta notin altaneta a ja ta baya. Ku danna tsakiyar bel da babban yatsa da ƙarfi, ya lotsa kamar santimita ɗaya. Sabon bel irin wannan yana ɗan saki bayan kwanaki, sai a sake ɗaurewa. Kada a ɗaure shi tamau don gudun kuka, boris ɗin altaneta da na famfon ruwa ne za su biya. In bel biyu ne a jere a fuli ɗaya, a canza su tare.

Tsohon bel ɗin da ka cire, in bai yage ba, kada ka yar. Ka naɗe shi ba tare da ka karya shi ba, ka sa a leda, ka ajiye bayan kujera inda rana da mai ba sa kai wa, tare da sifanar da ta dace da ajastarka, hoton kuma ya zauna a wayarka. Mai bin doguwar hanya irin ta Agadas, ko ƙauyukan da ke nesa da kwalta, gara ma ya riƙe sabo. In ya tsinke maka a hanya, kafin ka ɗora na ajiya ka juya kowane fuli da hannu, domin in wani ne ya cije, na ajiyar ma zai bi sahu. Ka tsince duk zaren da ya naɗe. In inji ya riga ya yi zafi, kada ka buɗe murfin lagireto, ruwan yana cikin matsi, zai yi tsiri ya ƙona fuska da hannu. Kada kuma ka kwara wa inji ruwan sanyi. Ka jira ya huce da kansa, sannan ka duba ruwa ka ƙara. In babu bel ko kaɗan, a ja motar. Igiya ko robar tayar da ake ɗaurawa ba ta riƙe irin wannan fuli.

Lokaci ya cim mana. A mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu duba lagireto, da dalilin da ya sa ruwan rijiya zalla ke cinye famfon ruwa.